Babin da Na Ɗauko Daga Ƙasa

Makon jiya wani saurayi da ya buɗe shagon kwamfuta a layinmu ya tsaya a bakin ƙofata, ya kalli basillar da ke hannuna, ya ce wai Baba har yanzu ana ɗinki, ai shi cikin minti uku yake ɗaure littafi. Na ce masa abin da yake yi sunansa huda. Ka jera takarda a inji, ka danna, ka zura zoben roba, ka miƙa wa bawan Allah, bayan wata biyu shafuka na zubewa a cikin keke. To tunda ku samarin yanzu kun ɗauka sana'ar nan wasa ce, ku samu wuri ku zauna. Shekara arba'in da 'yan kai ke nan ina ɗaurin littafi, talatin daga ciki a wannan shagon na Unguwar Sanusi, kuma zan ba ku labarin aiki ɗaya da har yau in na tuna shi kaina ke kullewa.

Aikin farko da aka fara ba ni a rayuwata shi ne dama ƙullun sitaci. Maigidana Baba Dung, mutumin Filato ne, shagonsa na Kakuri a lokacin da masaƙu ke da rai. Shekara guda cur bai bar ni na taɓa allura ba. In dama sitaci, in tace, in lanƙwasa takarda da wani ƙashin haƙarƙarin saniya da ya goge har ya yi santsi. In lanƙwasar ta karkace da faɗin gashi ɗaya, ba zai yi faɗa ba, warwarewa zai yi ya ajiye mini a gabana ya koma kujerarsa. Wannan shirun nasa ya fi bulala zafi. A shekara ta biyu ya koya mini huda da basilla, da goga wa zare kakin zuma don kada ya ci takarda, da yadda ake ɗaure littafi a matsi, wato ƙarfen nan mai sitiyari da kuke gani a lungu kuna cewa tarkace. Sai a shekara ta huɗu ya yarda na kama babbar wuƙar yanka, da haruffan ƙarfe da ake gasawa a buga suna da ruwan gwal a bango. Harafi ɗaya ya kauce, bangon ya tashi aiki.

Doka ɗaya ya kafa mini, kuma kullum sai ya maimaita ta: mai ɗauri ba ya karatu. Idonka na kan lambar shafi, ɗaya, biyu, uku, har ƙarshe. Abin da ke tsakiyar takarda na mai shi ne. Ya ce mutane na kawo takardar gado, da takardar kotu, da ta asibiti, in ka fara karantawa za ka fara samun ra'ayi, kuma ranar da mai ɗauri ya samu ra'ayi hannunsa ya lalace. Ni a lokacin na ɗauka tsufa ne kawai ke sa shi surutu.

Amma akwai abu ɗaya da shi kansa yake ware wa. In aka kawo tsohon Alƙur'ani da bangonsa ya mutu, Baba Dung ba ya taɓawa. Ni zai kira, ya ce in je in yi alwala in zo. In na gama, shi da kansa zai share kantar sama, in ɗora, kuma ko allura ba a ajiyewa a kansa. Na taɓa ganin ya kori wani kwastoma da ya ɗora jakarsa a kan kantar. Baba Dung ɗin nan fa, mutum ne da ke zuwa coci duk Lahadi. To ni da na tashi da wannan a gida, na kuma same shi a wurin aiki, kun san ya zauna mini a jini: maganar Allah ba ta zama a ƙarƙashin komai.

Muguwar shekararmu ita ce wadda malaman jami'a suka yi dogon yajin aiki. Rabin cinikin mai ɗauri kundin ɗalibai ne, ɗalibai kuwa duk sun koma gida. A shekarar ce injinan hudar nan naku suka cika gari. Damina kuma ta zo da ƙarfi, kwalayen da na tara suka sha laima suka lanƙwashe, kyankyasai suka samu sitaci suka yi biki. Masu ɗauri uku a Tudun Wada suka rufe, ɗaya ya koma sayar da katin waya. Ni littattafan waƙoƙin coci da tsofaffin Alƙur'anai suka riƙe ni. Wata rana in wuni ban ɗinka ko shafi ɗaya ba, sai dai in goge matsi in shafa masa mai, in zauna ina kallon titi.

A ƙarshen daminar wannan shekarar, da aka janye yajin, Malama Hannatu ta shigo da kwali a ka. Malamar sakandare ce a Narayi, Kirista, 'yar Nasarawa, tana koyar da darasin addini. Ta ce wata ce a cocinsu ta kwatanta mata ni. Kundin digiri na biyu ne, kwafi shida, biyar na jami'ar da take karatu, ɗaya nata. Shekara bakwai tana fama da shi, ga aiki, ga 'ya'ya uku, ga yajin aiki. Makaranta ta rubuto mata cewa in ba ta miƙa ba zuwa Litinin ta ƙarshen wata, za a soke sunanta, shekara bakwai ta tafi a banza.

Sai ta buɗe jaka ta fito da wata leda, cikin ledar fayil, cikin fayil ɗin takardu shida. Shafin sa hannu ne. Ta ce sauran shafukan ko sun ƙone za a sake bugawa, amma waɗannan babu na biyunsu, domin malamin da ya duba mata aikin ya sa hannu, bayan wata biyu Allah ya yi masa rasuwa. Da alƙalamin tawada ya sa, irin na mutanen da. Na ce mata ta kwantar da hankalinta, ta kawo inda ya dace.

Ina cikin bin lambobi a kwafin farko, na kai shafi na casa'in da wani abu, sai idona ya faɗa kan rubutun Larabci. Na duba da kyau, aya ce. Na ajiye, na je na yi alwala na dawo. Da a nan na tsaya da lafiya lau. Amma sai zuciya ta ce mini, me mace Kirista ke yi da aya a kundinta? Turancina na firamare ne, sai wanda na tsinta a jikin banguna cikin shekara arba'in, amma yana kai ni inda zan je in na bi a hankali. Na koma farko na karanta sunan aikin. Wai bincike ne a kan asalin addini, daga ina ya faro, me masana kimiyya suka ce, me malaman addini suka ce. Na ce ikon Allah, wannan ma har tambaya ce? Ranar na karya dokar Baba Dung, na wuni ina karatu.

Babi na biyu shi ya fara juya mini kai. Wani masani ya ce mutumin farko ya yi mafarki ne da ubansa da ya mutu, ya gan shi yana tafiya yana magana, da ya farka sai ya ce ashe akwai wani abu a jikin mutum da ba ya mutuwa. Daga nan aka fara ajiye wa matattu abinci, kakanni suka zama abin bauta, aka yi ta ragewa har aka dawo kan ɗaya. Wani ya ce a'a, tsoro ne, tsawa da ambaliya da annoba, mutum ya rasa wanda zai roƙa sai ya ƙago. Wani kuma ya ce jama'a ce, in mutane suka taru suka haɗa murya sai kowa ya ji wani ƙarfi da ya fi shi, sai su sa masa suna, alhali ƙarfin taronsu ne. A babi na uku na zamani suka shigo, suka ce ƙwaƙwalwa ce. Wai a daji, wanda ya ji motsi a ciyawa ya ce zaki ne ya gudu, shi ya rayu ya haihu. Wanda ya ce iska ce an cinye shi. Saboda haka muka gaji kan da ke ganin wani a bayan kowane motsi.

Na yi ta a'uzubillahi ina karantawa, amma ban ajiye ba. Abin da ya dame ni, gaskiya zan gaya muku, ba wai maganar ta yi kama da hauka ba ce. Da hauka ce da na yi dariya na wuce. Ni kaina na sha mafarkin mahaifina, da farar rigarsa. Ni kaina in aka yi kabbara a filin Idi tsigar jikina tashi take yi. Ta yaya mutumin da bai taɓa zuwa Kaduna ba ya san wannan?

Sai na isa babi na huɗu, inda ayoyin suke, na ji kamar na shigo gida. Ta kawo abin da muka sani: Annabi Adamu shi ne mutum na farko kuma annabi na farko, da tauhidi aka fara, daga baya mutane suka sassaƙa siffofin mutanen kirki don tunawa, jikoki suka zo suka bauta musu. Ta kawo maganar fiɗira, cewa kowane jariri da sanin Mahaliccinsa ake haifarsa. Ta kawo na Kiristoci daga Littafi Mai Tsarki, cewa Allah ne ya fara bayyana kansa ga mutum, mutum ya juya baya. Na ce yawwa. Amma da na zauna na haɗa su sai kan ya sake kullewa. Waɗancan sun ce daga gumaka da yawa aka hau zuwa ɗaya, waɗannan sun ce daga ɗaya aka gangaro zuwa da yawa. Hanya ɗaya, kowa na rantsuwa ga inda ta nufa. Waɗancan sun ce tunda kan mutum na neman wani a bayan komai, to shi ya ƙago shi. Waɗannan sun ce tunda yana nema, to dasa masa neman aka yi. Hujja ɗaya, kowa ya ja ta gidansa. Har akwai wasu masanan da suka ce su ba su ce akwai ba, ba su ce babu ba, yadda abin ke aiki a kan mutum kawai suke dubawa. Waɗannan su suka fi ba ni haushi, domin ban san ko in yi fushi da su ba ko in ƙyale su.

Washegari da ta zo zaɓen launin bango na kasa haƙuri, na tambaye ta a cikin waɗannan duka wanne ta yarda da shi. Ta yi mamaki, ta ce ashe Malam ana karatu. Sai ta yi dariya ta ce aikinta ta jera su kowa ya faɗi tasa, in ta tsallake wani, malamanta za su ce ta ji tsoro. Ta zaɓi shuɗi mai duhu ta tafi. Ni kuwa wannan dariyar ban ji daɗinta ba, na ɗauka irin 'yan bokon nan ne da komai ya zame musu abin hira.

Bayan la'asar na tare limamin masallacinmu, Malam Isa, na kwashe komai na gaya masa. Na ce shin ina da laifi in na ɗinke wannan da hannuna? Ya ce wanda ya ɗauko maganar wani don a san ta, ba shi ya faɗe ta ba, malamanmu na da ma sun cika littattafai da maganganun waɗanda suke yi wa raddi. Na ce to ayoyin da za su zauna a ƙarƙashi fa? Ya ce ai kowane littafin fiƙihu akwai aya a tsakiyarsa, da shafuka a kanta. Na ce Malam, waɗancan shafukan hidima suke yi wa ayar, waɗannan kuwa cewa suke mafarki ne ya haife ta. Ya shafa gemu, ya ce shi dai bai san wani hani a kai ba, amma in zuciyata ba ta natsu ba in mayar mata da aikinta. Na je da tambaya ɗaya na dawo da uku.

Mayarwar ita ce daidai, na sani. Amma ban taɓa mayar da aiki ba tun da na buɗe shago, kuma na riga na ce wa matar ta kawo inda ya dace. Girman kai ne, ba wani abu ba.

Da na zo ɗinki na jera kwafin farko a kan tebur, babi na ɗaya a sama, na huɗu can ƙasa. Na ɗauki basilla. Wallahi hannuna ya ƙi. Ina kallon tulin takardar nan ina ganin mai mafarki da mai tsoron tsawa da mai zaki a ciyawa duk sun hau sun zauna a kan ayoyi, kuma ni zan ɗaure su a haka, in sa a matsi in murɗa sitiyari. Sai wata dabara ta zo mini, irin dabarar da ke zuwa wa mutum in Allah ya so ya kunyata shi. Na zare babi na huɗu na ɗora shi a gaba, daga shafin sa hannu da jerin abin da ke ciki sai shi. Ban cire ko harafi ba, ban ƙara ba. Na ce ai lambobi na nan, mai son bi a jere ya bi. Haka na yi wa duka shidan. Kuma don in rufe bakin zuciyata, na yi musu aikin da ban taɓa yi wa kundin kowa ba: ɗinki biyu, gam mai ƙarfi a gadon baya, yadi a kai, gwal ɗin nan kamar a lasa.

Ran Laraba ta zo, hadari ya haɗu. Ta buɗe bango, ta ga shafin sa hannu lafiya, ta shafa sunanta da yatsa, ta yi ta godiya. Na buɗe baki in gaya mata, sai aka fara yayyafi, ta rungumi kwalinta ta yi waje. Na bar ta ta tafi.

Ran Juma'a da hantsi ta dawo. Ta ajiye kwalin a kan tebur a hankali, ta zauna a benci ba tare da na ce ta zauna ba. Ta ce ma'aikacin ofishin jami'a ya buɗe a gabanta, ya ga daga shafi na tara an faɗa na casa'in da ɗaya. Ya duba na biyu haka, na uku haka. Ya ce ba zai karɓa ba, kuma wa'adi na nan, Litinin sha biyun rana. Ta ce da kwafi ɗaya ne da ta ce kuskure ne. Ta tambaye ni me ta yi mini.

Da ta zage ni da na samu abin riƙewa. Na sunkuyar da kai na gaya mata gaskiya, har da kantar Baba Dung. Ta saurare ni har na gama. Sannan ta ce:

"Malam, kai ka ɗauka ni ban ji komai ba? Shekarar da na rubuta babi na biyun nan, wata uku ina zuwa coci bakina na waƙa, kaina na wani wuri. Ban gaya wa ko maigidana ba. Malamina marigayi ya so in fara da na addini, ni na ƙi, muka yi ta ja har ya haƙura. A garinmu in aka zauna shari'a, yara ke fara magana, sai matasa, sai dattawa. Babba ba ya magana sai kowa ya gama, kuma in ya yi ba mai ƙarawa. Shi ya sa na ajiye maganar Allah a ƙarshe. Kai kuma ka ɗauko Babba ka sa shi ya fara, ka bar yara su ba shi amsa."

Kun ji fa. Ni na ɗauke shi daga ƙasa don girmamawa, ita ta ajiye shi a ƙarshe don girmamawa. Na tsaya riƙe da ƙashin lanƙwasa kamar wanda aka aika kasuwa ya manta saƙo. In na bi tawa, na sa Babba ya yi magana kafin yara. In na bi tata, na sa yara sun zauna a kansa. A cikin littafi ƙarshe shi ne ƙasa, ban taɓa lura ba sai ranar. Na ce mata ta je ta sake bugo shafukan ta kawo mini kafin magariba, sauran nawa ne.

To a nan ne sana'a take, ku masu minti uku. Shafukan ciki an sake bugawa, wannan ba komai. Aikin shi ne zaro takarda ɗaya daga cikin littafin da na ɗinke sau biyu na kuma shafe da gam mafi ƙarfi da nake da shi. Da aikin banza na yi, da ja ɗaya ya isa. Yankewa ba ta yiwuwa, domin makaranta na auna faɗin gefe, in ya ragu ba wurin sabon ɗinki. Yadda aka saba, tururin buta ake kara wa gadon baya gam ya saki. Amma tawadar marigayin ko gumin hannu ta ji sai ta bazu. Saboda haka na fasa bangon, na tsinke zaren ɗaya bayan ɗaya, na jiƙa tsumma na matse shi har ya kusa bushewa, in dangwala a kan gam, in jira, in kankare da bakin ƙashi, in sake dangwalawa. Takarda ɗaya na cin awa biyu. Na rufe ƙofar shago don kada iska ta shigo ko wani ya yi mini sallama hannuna ya motsa.

Ta farko ta fita. Ta biyu, ta uku. Ran Asabar da azahar ina kan ta huɗu, na ga gam ya saki, na yi gaggawa na ja. Ƙarar ba ta fi ta yage ganye ba. Ta yage daga gefe ta bi ta tsakiyar sa hannun marigayin. Saura biyu a gabana, kuma makaranta biyar take so. Ba sauran kuskure ke nan. Na fita na wanke fuska, na yi sallah, na dawo. Waɗannan biyun awa uku-uku na ba su, ina yi ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina. A ranar ban tsaya tambayar ko tsoro ne ya haifi addu'a ba, yi kawai nake. Suka fita lafiya.

Ran Lahadi na jera su yadda ta rubuta, ɗaya, biyu, uku, huɗu. Hannun ya so ya sake ƙi, na ce masa yau ba kai ke da magana ba. Na ɗinke. Da na zo manna bangon baya sai na kifa littafin a kan tebur, kamar yadda nake kifa kowane littafi sau dubu nawa a shekara arba'in. Ina shafa gam sai na tsaya. Littafi a kife, babi na huɗu ya dawo sama, mai mafarki da mai zaki suna ƙasa. Ba a taɓa lamba ko ɗaya ba. Na zauna a benci na rasa dariya zan yi ko kuka. Abin da na kusa kashe wa mata shekara bakwai a kansa, juyi ɗaya ne na hannu. Kada ku tambaye ni jerin sunayen littattafan da ke can bayan babi na huɗu, wanda in an kifa shi ke komawa saman kowa. Na yi tunaninsa, na ga in na bi wannan hanyar zan haukace, na bar shi. A kife na sa su a matsi, a kife suka kwana.

An karɓi kundin, in shi kuke jira ku ji, saura minti arba'in wa'adi ya cika. Tambayar asalin addini kuwa, ni dai ina sallata, na kuma san abin da na yarda da shi, amma in kuka ce in ba wa mai zaki a ciyawa amsar da za ta rufe masa baki, ba ni da ita, kuma har yau in na yi mafarkin mahaifina sai na tuna da mutanen nan. Baba Dung ya yi gaskiya, tun daga ranar ban ƙara karanta tsakiyar takardar kowa ba.

Da safiyar Litinin ɗin ta zo tun ban gama share ƙofa ba. Na fara miƙa mata na shida, nata, na buɗe mata shafin da ya yage. Na bi bayansa da siririyar takarda na haɗe, amma layin na nan, ya raba sunan malaminta biyu. Ta daɗe tana kallo. Ta ce shi kaɗai ne abin da ya rage mata na hannunsa. Na ce na sani. Ban nemi ta yafe ba, domin ban ga da wane baki zan nema ba, ita ma ba ta ce ta yafe ba.

Sauran biyar na kan tebur, a kife, ba a ganin gwal sai shuɗin baya. Ta buɗe kowanne ta bi lambobi tun daga ɗaya har ƙarshe, ina tsaye. Da ta gama na biyar sai ta lura da yadda ta same su. Ta kalli littattafan, ta kalle ni.  Sai ta mayar da su ɗaya bayan ɗaya cikin kwali, kowanne fuskarsa ƙasa, ta ɗora nata a kai shi ma a kife, ta ɗauka ta aza a ka. A bakin ƙofa ta tsaya tana jiran keke, ba ta juyo ba ta ce:

"In na isa ofis zan juya su, Malam. Amma daga nan zuwa can, a haka za su tafi."